Zambo da raha a jaridun Ostireliya na ƙarni na 19: yadda aka ƙera su da yadda za a karanta su

Ranar 28 ga Fabrairu 1885, mujallar The Bulletin ta birnin Sidni ta buga wata gajeriyar waƙa da aka sa wa hannu da sunan Mahadi. Mahadin Sudan ake nufi, Muhammadu Ahmad, wanda dakarunsa suka ci Hartum suka kashe Janar Gordon ranar 26 ga Janairun shekarar. Wanda ya ari bakinsa ya ci masa albasa wani saurayi ne ɗan shekara 21 mai koyon aikin lauya, Andrew Barton Paterson, kuma wannan ce waƙarsa ta farko a mujallar. Dalilinta shi ne gwamnatin yankin New South Wales, inda Sidni take, ta yi wa Ingila tayin sojoji su je su taya ta yaƙi a Sudan. Sojojin nan, kimanin 750, ba su bar Sidni ba sai 3 ga Maris, amma waƙar ta riga ta sauke su a gaɓar Sawakin, ta tsayar da Mahadi a gabansu yana tambayarsu abin da ya kawo su. Sun baro ƙasar da babu mai takura musu, sun zo su tokare kujerar sarkin Masar da Turawa ke juyawa, su taya a tatsi talakan manomi don a biya masu bin bashi?

Sawakin ɗin nan ba baƙon wuri ba ne a wurinmu. Nan ne kakanninmu masu zuwa Makka a ƙafa suke shiga jirgin ruwa su tsallaka Jidda, kuma Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, yana cikin waɗanda suka yi wa Mahadin mubaya'a. Sojojin kuwa sun isa a ƙarshen Maris, ba su ga wani yaƙin kirki ba, mafi yawan aikinsu gadin masu shimfiɗa layin dogo ne, zuwa Yuni sun koma gida.

Wanda ya tsinci wannan waƙa a littafi, ba kwanan wata, ba labarin Gordon, ba tayin sojoji, zai karanta ta ya wuce bai ji komai ba. Haka duk 'yan uwanta suke. Kayan aiki ne na mako guda: an ƙera su cikin gaggawa don abin da gari ke magana a kai, an sayar, an rera a mashaya da sansanin ma'aikata, mako mai zuwa an kawo wasu. Mai son ya amfana da su a yau, ɗalibin adabi ne a Jami'ar Bayero ko mawaƙi mai neman dabara, sai ya san sassan da ake haɗa su da su, kuma sai ya sake gina makon da aka buga su.

Zambo ya riga 'yancin jarida isa can. An kafa Sidni a 1788 a matsayin wurin zubar da fursunonin Ingila, kuma jarida ta farko, Sydney Gazette, wadda George Howe ya fara bugawa ranar 5 ga Maris 1803, ta gwamnati ce, sai ofishin gwamna ya duba kafin a buga. Waƙar da take ɗauka ita ce ta yabo. Michael Massey Robinson shi ne maroƙin fadar: duk ranar haihuwar sarki ko sarauniyar Ingila sai ya tsara yabo, har Gwamna Macquarie ya ba shi shanu 2 daga garken gwamnati a 1818. Abin lura shi ne zambo ne ya kai shi can tun farko, don a Landan an kama shi ne da laifin neman kuɗi a wurin wani attajiri da barazanar buga waƙar ɓatanci a kansa. Wanda ke da cizo a bakinsa kuwa ba shi da shafi, sai ya rubuta da hannu, ya naɗe takardar kamar bututu, ya yar a inda za a tsinta. Da irin waɗannan takardu hafsoshin soja suka addabi Gwamna King wajen 1803, kuma William Charles Wentworth ya yi wa mataimakin gwamna Molle irinta a 1816. Fursunoni su ma suna da nasu, Francis MacNamara ɗan Ayaland, wanda a 1839 ya tsara ziyarar fursuna zuwa wuta, inda ya tarar da masu gadin kurkuku da kwamandoji suna shan azaba, 'yan uwansa da aka zalunta kuma suna aljanna. Baki da baki ta fi yawo.

An ɗage tace jaridu a 1824, jaridu masu zaman kansu suka fito, Gwamna Darling ya so ya ɗaure su da lasisi da haraji a 1827, babban alƙali Francis Forbes ya ƙi amincewa. Amma abin da ya mai da waƙar raha sana'a shi ne zinariya. An gano ta a 1851, kuma mutanen yankin Victoria suka tashi daga kimanin 77,000 a shekarar zuwa kimanin 540,000 a 1861. Ga masu karatu, ga kuɗi a aljihu, ga kuma abin ƙorafi: kowane mahaƙi sai ya biya sule 30 a wata na lasisi, ya samu zinariya ko bai samu ba, 'yan sanda na bin ramuka suna farautar marasa takarda. Wannan ne ya kai ga arangamar Eureka tsakanin mahaƙa da sojoji a garin Ballarat ranar 3 ga Disamba 1854, inda aka kashe mahaƙa sama da 20. A wannan yanayi Charles Thatcher ya riƙa cika ɗaki a Bendigo da waƙoƙin shaguɓe ga 'yan sanda da sababbin zuwa. Ranar 2 ga Agusta 1855 aka fara Melbourne Punch, kwaikwayon mujallar raha ta Punch ta Landan da aka kafa a 1841, ana sayar da ita sisi duk Alhamis. Dattawan Kano da suka ga fam da sule kafin naira ta zo a 1973 ba sa bukatar bayanin wannan lissafi: kwabo 12 sule, sule 20 fam. Sidni ta samu tata Punch a 1864, sauran yankunan ma kowa ya gwada. The Bulletin, ta J. F. Archibald da John Haynes, ta zo ranar 31 ga Janairu 1880, ita ce kuma ta buɗe ƙofa ga kowa, makiyayi da mahaƙi da mai askin tumaki, ya aiko da waƙa, in ta yi a buga a biya shi, in ba ta yi ba a ba shi amsa mai zafi a filin amsa wasiƙu kowa ya gani.

Sassan waƙar

Abu na farko da mawaƙin yake yi shi ne aro. Ba kasafai yake ƙirƙirar sabon kari ba, sai ya ɗauko waƙar da kowa ya haddace ya zuba mata sababbin kalmomi. Shi ya sa a saman waƙoƙi da yawa, ƙarƙashin take, za ka ga ɗan layi da ya fara da kalmar Air, sannan sunan wata waƙa. Umarni ne ga mai karatu: da wannan murya za ka rera. Mun san dabarar a nan, 'yan bandiri sun daɗe suna ɗora yabon Annabi a kan karin waƙoƙin Indiya, mawaƙan siyasa ma haka. Wani lokacin ba waƙar baka ake ara ba, rubutacciya ce ta manyan mawaƙan Ingila da Amurka da ake haddacewa a makaranta, irin su Tennyson da Longfellow da Poe. Dariyar tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin rigar da mai sanye da ita: karin da aka san shi da kukan mutuwar jarumai sai ga shi yana ba da labarin ɗan majalisar da ya yi barci a zama. In ba ka gane uwar waƙar ba, rabin aikin ya wuce ka, kuma nan ne mafi yawan masu karatu na yau suke faɗuwa. Suna ganin kalmomi masu nauyi a kan ƙaramin abu sai su ɗauka mawaƙin bai iya ba ne.

Na biyu aron baki, kamar yadda Paterson ya yi da Mahadi. Mawaƙin ba ya cewa wane azzalumi ne. Sai ya sa wanen ya yi magana da kansa har ya tona kansa, ko ya kawo wani wanda ba a zata ba ya yi masa tambaya. William Forster ya kawo Shaiɗan ofishin Gwamna Gipps da dare a 1845, suna hira kamar tsofaffin abokan aiki. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a ɗauki maganar mai magana a ce ra'ayin mawaƙi ne.

Sai ɓoye suna. Maimakon a rubuta sunan ɗan siyasa, sai a sa harafin farko da na ƙarshe, a ja layi a tsakani. Ba wanda ake ruɗawa, kariya ce kawai ta gaban alƙali. Ga mai karatu na yau akwai hanyar warwarewa: ƙirga gaɓoɓin da karin ke bukata a gurbin, duba amsa-amon ɗangon da ke kusa in sunan ne a ƙarshe, sannan ka duba wa ke bakin jaridu a makon. Sau da yawa waɗannan ukun sun isa. W. T. Goodge ya kai dabarar ƙarshenta a 1897, da ya tsara waƙa sukutum a kan ashar ɗin da ba ya barin bakin mutanen karkara, bai rubuta ashar ɗin ko sau ɗaya ba. Duk inda ya kamata ya zo sai layi, kari kuma yana gaya maka gaɓa 2 ce ta ɓace. Mai karatu ne ke yin ashar ɗin da bakinsa, maɗaba'a hannunta tsaf. Su kansu mawaƙan da laƙabi suke sa hannu. Paterson ya zama The Banjo, sunan wani dokin gidansu, Victor Daley kuma in zai yi cizon siyasa sai ya koma Creeve Roe.

Yadda ake jera waɗannan sassa ya fi fitowa a The Man from Ironbark, wadda The Bulletin ta buga a Disamba 1892. Baƙauye ne mai tulin gemu daga ƙauyen Ironbark ya shigo Sidni, ya yi ta yawo har ya gaji, ya faɗa shagon wanzami ya ce a aske masa gemu ya koma gida a ɗan birni. Wanzamin ɗan iya shege ne, ga kuma samarin birni zaune jikin bango suna jiran abin dariya. Ya ƙyafta musu ido, ya shafa wa baƙon kumfa, ya tsoma askar a tafasasshen ruwa, sannan ya ja bayanta, ba kaifin ba, a maƙogwaron mutumin. Zafin ya bar jan layi. Baƙauye ya sakankance an yanka shi, ya miƙe da hannu ɗaya a wuya, ya ce kafin ya mutu sai ya rama. Ya kai wanzami ƙasa da naushi guda, ya bi ta kan samarin, har ɗan sanda ya shigo wanzami na rantsuwa wasa ne. Mutumin ya koma gida yana ba da labarin yadda taurin wuyansa ya cece shi, kuma tun daga ranar mutanen garin ba mai yarda aska ta taɓa gemunsa.

Dubi ginin. Baiti 8 ne, kowanne ɗango 6, wato ƙwar shida. Kowane ɗango gaɓa 14, da ɗan numfashi bayan gaɓa ta 8. Ɗangogin suna amsa juna biyu-biyu, amma ɗango na ƙarshe a kowane baiti da sunan ƙauyen yake rufewa, don haka na biyar dole ya zo da sautin da zai amsa shi. Wannan daidai yake da abin da muke kira babban amsa-amo, sauran kuma ƙananan. Amfaninsa a ɗakin da ake rerawa shi ne mai sauraro ya san inda kowane baiti zai sauka, yana jira, sai dai bai san ta wace hanya za a bi ba. Sunan ƙauyen da aka fara ambata don a raina shi, a tsakiyar waƙar ya koma kirari. Nan gwanintar take, kuma a ganina shi ya sa wannan ta rayu alhali dubban 'yan uwanta sun mutu da makonsu: an fara dariya da baƙauye, an ƙare ana yi da ɗan birni, ba kuma sai ka san sunan wani minista ba kafin ka ji daɗinta.

A shekarar dai aka yi musayar baitoci da ta fi kowace shahara. A Yulin 1892 Henry Lawson ya buga waƙa yana cewa dajin da mawaƙa ke kambamawa ba komai cikinsa sai fari da ƙuda da wahala. Bayan mako 2 Paterson ya mayar masa, Lawson ya sake dawowa yana yi masa gorin cewa shi lauya ne a birni, dajin a kan doki ya san shi, ba a ƙafa da ƙunshi a baya ba. Wasu suka shigo, Edward Dyson da Francis Kenna, har aka ɗauko karin wata sananniyar waƙar Paterson aka juya ta a kansa. Ƙa'idar martani ke nan a wurinsu: ka amsa wa mutum da ma'auninsa, in da hali da amsa-amonsa. Mu ma muna da irinta, Mudi Sipikin ya amsa wa Sa'adu Zungur a kan jumhuriya da mulukiya. Paterson ya faɗa daga baya, a 1939, cewa sun shirya faɗan ne tsakaninsu don a daɗe ana biyansu. Ko da hakan ne, saɓanin na gaske ne, kuma a Satumbar 1892 Archibald ya ba Lawson fam 5 da tikitin jirgin ƙasa zuwa garin Bourke da ke can cikin daji ya je ya gani da idonsa, a tsakiyar fari. Ya dawo da ra'ayinsa ya ƙara ƙarfi.

Abin da ke lalata sana'ar, na farko dai kotu ce. Henry Kendall ya sa zambon wani ɗan majalisa, Ninian Melville, a littafinsa na 1880, sai da aka janye littafin daga kasuwa aka cire waƙar aka sa wata don tsoron ƙarar ɓata suna. The Bulletin kanta an kai ta ƙara kan wani rubutu na 1881 game da sheƙe ayar da aka yi a wurin shaƙatawa na Clontarf. Diyyar da aka yanke rubu'in kwabo ce kacal, amma kuɗin shari'a ya fi ƙarfinsu, Archibald da Haynes suka shiga kurkukun Darlinghurst a 1882 har sai da jama'a suka yi karo-karo. Wato ba sai an ci ka da babbar tara ba, kuɗin lauya kaɗai ya isa ya rufe jarida. Lawson ma da ya yi wa masu askin tumaki waƙa lokacin yajin aikinsu na 1891 a jaridar The Worker ta Brisbane, sai da aka karanta baitocinta a majalisar Queensland ana neman a kama shi da laifin tunzura jama'a. Ya mayar musu da wata waƙar.

Wa ya sayi filin?

Duk mai sauraron sojojin baka a gidajen rediyon Kano ya san wannan ce tambayar farko, kuma ita ce ta farko a nan. Kada a ɗauka duk wanda ya zagi gwamna yana tare da talaka. Waƙar Forster ta Shaiɗan da gwamna a jaridar The Atlas ta fito, jaridar manyan masu garken tumaki da suka mamaye filaye ba su saya ba, suna fushi da Gipps saboda dokokinsa na 1844 da za su sa su biya. Gipps ɗin nan kuma shi ne a zamaninsa aka gurfanar da Turawan da suka kashe 'yan asalin ƙasar aƙalla 28 a Myall Creek a 1838, aka rataye 7 daga cikinsu, abin da masu garken ba su taɓa yafe masa ba. Waƙar tana da gwaninta, amma ta masu ƙarfi ce a kan wanda ya ɗan taka musu burki. Forster kansa ya zama firimiyan New South Wales a 1859. Melbourne Punch ita ma ta masu hali ce, shi ya sa ta yi ta sukar firimiyan Victoria Graham Berry, musamman bayan da ya sallami ɗimbin ma'aikatan gwamnati a Janairun 1878 a rikicinsa da majalisar dattawan Victoria.

The Bulletin ta tsaya wa ma'aikaci, ta ƙi sarautar Ingila, ta ƙi yaƙin Sudan, kuma duk da haka ita ce kan gaba wajen cin mutuncin Sinawa da 'yan asalin ƙasar da mutanen tsibirai da aka kawo noman rake. A Agustan 1886 ta buga zanen Phil May da ya mai da Basine dabbar ruwa mai hannuwa 8, kowane hannu ɗauke da wata masifa. Waƙoƙin raha da yawa, har da na mawaƙi mai suna irin Brunton Stephens, dariyarsu ba ta wuce kwaikwayon Turancin kukun Basine ko siffanta macen 'yan asalin ƙasa da muni ba. Ita kanta waƙar Mahadi tana da ɗangon da ya jingina bashin Masar ga Yahudawa. Wannan ba wasa ba ne da ya tsaya a shafi. Shekaru ana sa mutane dariya da wata al'umma, da aka haɗe yankunan suka zama ƙasa ɗaya a 1901, cikin dokokin farko har da ta toshe shigowar waɗanda ba Turawa ba. Daga 1908 har zuwa 1961 mujallar tana ɗauke da taken cewa ƙasar ta farar fata ce a goshinta. Bai halatta mai nazari ya ɗauko na daɗin ya ɓoye wannan ba.

Neman su daga Kano

Ba sai an je ko'ina ba. Babban ɗakin karatu na ƙasar Ostireliya yana da rumbu a intanet mai suna Trove, kyauta ne, kuma waya ta isa. Melbourne Punch da Sydney Punch da jaridun yau da kullum suna sashen jaridu, The Bulletin kuma a sashen mujallu take, wanda bai san haka ba sai ya yi ta nema a inda ba ta. Shiga binciken da ke da zaɓuɓɓuka, ka taƙaita shekara da sunan jarida tun farko, in ba haka ba sakamako zai yi maka ambaliya. Kalmomin da suka fi fito da waƙa su ne kanun da editoci ke sawa, Original Poetry da Poet's Corner, ko Air haɗe da sunan ɗan siyasa ko abin da ya faru. Akwai wurin zaɓar tsawon rubutu, zaɓi na ƙasa da kalma 1000. Don tattalin data, fara karanta rubutun da na'ura ta ciro a gefe, sai ka tabbata waƙar da kake so ce sannan ka buɗe hoton shafin.

Amma kada ka kwafi wannan rubutu na na'ura ka dogara da shi. Tawadar ta dusashe, an raba shafi gida-gida a tsaye da ƙananan haruffa, sai na'urar ta haɗe ɗango biyu, ko ta tsallaka gidan da ke kusa ta kwaso tallan magani ta cusa a tsakiyar baiti. Layukan ɓoye suna kuwa kusan kullum sai ta ɓata su, don haka neman sunan mutum kai tsaye ba zai kawo waƙar da aka ɓoye sunansa ba, sai ka nema da muƙaminsa ko abin da ya aikata. A jaridun farkon ƙarnin akwai tsohon harafin s mai tsawo da na'ura ke karantawa f. Komai za ka ɗauka, gwada shi da hoton, ɗango bayan ɗango. Wanda ya yi rajista yana iya gyara rubutun ma don na baya.

Tarko na gaba shi ne asali. Jaridun suna kwasar waƙoƙi daga juna da daga Ingila da Amurka, sau da yawa ba tare da faɗa ba. Ɗauki ɗango ɗaya mai kalmomin da ba a saba gani ba, sa shi cikin alamar zance, ka jera sakamakon daga mafi tsufa. In bugun farko ya ambaci wata jaridar waje, ko waƙar tana maganar ƙanƙara a Kirsimeti alhali can Disamba tsakiyar zafi ne, to baƙuwa ce. In ka samu bugun farko, koma jaridun yau da kullum na garin, The Argus ko The Age a Melbon, Sydney Morning Herald a Sidni, ka karanta na kwana 7 zuwa 10 kafin ranar, musamman rahoton majalisa da na kotu. Galibi a nan za ka ga maganar da ake juyawa. In labarin na Turai ne, duba shekara: kafin wayar tangaraho ta haɗa su da Landan a 1872, labari sai ya yi makonni ko watanni a jirgin ruwa, don haka ranar da jirgin ya iso ita ce abin nema, ba ranar da abin ya faru ba. A kula da sunayen wurare ma. Victoria ba ta rabu da New South Wales ba sai 1851, Queensland sai 1859, Tasmaniya kuma har 1856 Van Diemen's Land ake kiranta. Tarihin 'yan siyasar yana cikin Australian Dictionary of Biography, shi ma kyauta a intanet.

Mai son ya juyo ɗaya zuwa Hausa ya fara da zube: ya rubuta ma'anar kowane baiti a magana ta yau da kullum, ya ja layi a ƙarƙashin kalmar da dariyar ke fashewa a kanta. A Turanci kusan kullum ita ce ta ƙarshe a baiti, kuma dole ta zauna a ƙarshe a Hausa, ko da sai an juya jimlar gaba ɗaya. In ta dawo tsakiya, waƙar ta mutu. Kada a yi ƙoƙarin bin karin Turancin, don shi da ƙarfin murya yake tafiya, namu kuwa da nauyin gaɓa, mai nauyi da marar nauyi. Ɗango mai gaɓa 14 na Turanci yana ɗauke da maganar da Hausa ba za ta gama a gaɓa 14 ba, gara a raba shi biyu a daidai numfashin nan na bayan gaɓa ta 8, baiti mai ɗango 6 ya koma ƙwar huɗu sau 3. Sunayen da ke ƙarewa da baƙi ba sa zama amsa-amo a bakinmu, sai a matsar da sunan ciki a rufe da wata kalma mai maimaituwa da ke ƙarewa da wasali, a riƙe ta har ƙarshe.

Rubutacciyar waƙarmu takan buɗe da sunan Allah da salati, ta rufe da sunan mawaƙi. Waɗannan ba su da ko ɗaya, kuma kada a ƙara musu, don za a ɗora wa waƙar mashaya rigar da ba tata ba. Kada kuma a mai da Sidni Kano ko a mai da mai askin tumaki ɗan dako, gara a sa gajeren bayani na jimla 3 ko 4 a sama: ranar bugu, jaridar, wa ke da ita, me ya faru a makon. Waɗanda suka taɓa giya ko suka yi wasa da limaman coci, akwai su da yawa, a duba wa za a karanta wa kafin a zaɓa. Na cin mutuncin Sinawa da 'yan asalin ƙasa kuwa, in don nazari ne a fassara su yadda suke da bayaninsu, ba a goge munin ba, in don a rera a taro ne a bar su a inda aka same su.